Abin da Ishaya Ya Faɗa da Sunana

'Yan'uwa masu bibiyar labarin nan, na ga saƙonninku, har da na wadda ta rubuto ta ce in daina jan rai in faɗi ranar biki. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ni ma da na san ranar da tuni na faɗa. Ga waɗanda suka shigo yau kuma: sunana Magdalina, tela ce ni, ina zaune a unguwar Kpakungu da Mamana da ƙanwata Mercy. Kurma ce ni. Sanƙarau ne ya tafi da jina ina firamare, ya bar min Hausar da na riga na kwasa da kuma son karatu. Saboda haka duk inda kuka ga na rubuta "na ce", da hannu na ce. In kuma wani ne ya ce, ko dai da hannu ya yi min, ko a leɓensa na karanta, ko a waya ya rubuto.

Ishaya kuwa malamin firamare ne, dogo, baƙi, ga wushirya. Wando ya kawo min gyara, daga nan sai wandunansa suka fara yagewa babu gaira babu dalili. Da ya ga rubutu a waya ba ya isar sa, ya shiga koyon maganar hannu a wajen kuramen cocinmu. Yatsunsa kamar saiwar rogo, amma ya nace har ya iya. Ranar da ya tsaya a ƙofar shagona ya yi min jimla guda cikakkiya ba kuskure, na shige bayan labule na yi kuka. Tun da na kurmance, ba wani namiji da ya taɓa wahalar da kansa don ya ji abin da ke raina. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba.

To ga inda gizo ke saƙar. A unguwar Shango akwai Cibiyar Taimakon Juna, inda ake koya wa matasa ɗinki da aski da gyaran waya. Majalisar da ke tafiyar da ita ta 'yan sa-kai ce, ba mai karɓar albashi: tsoffin ma'aikata, 'yan kasuwa, wani limami, da wata matar fasto. Da aka ware kujera ɗaya ta masu buƙata ta musamman, 'yan'uwana kurame suka tura ni, wai don ni ba na iya yin shiru. Ku ji fa, kurma ce ba ta iya shiru. Ishaya ya ce shi zai zama tafintana kyauta. Ciyaman ɗin majalisar kuwa Baba Zamani ne, yayan mahaifin Ishaya, wanda ya riƙe shi tun rasuwar babansa. Shi ne kuma aka tsara zai jagoranci masu zuwa gidanmu neman aurena ranar Asabar.

Akwai wata yarinya 'yar unguwarmu, Vivian. Shan inna ya shanye ƙafafunta, amma in ta riƙe allura sai ka tsaya kallo. Kekunan ɗinkin da ke aji duk na ƙafa ne. Tun bara majalisa ta yanke cewa kekunan hannu da wata ƙungiya ta ba mu a kai su aji saboda irin su Vivian. Har yanzu suna ofishin Baba Zamani, a kan tebur, an rufe su da farin leshi. Ba a ɗaga leshin sai in baƙi sun zo. Sai a ɗauko Vivian a zaunar da ita gaban keke, a ɗauki hoto, baƙi su tafi, a mayar da leshi. Shi Baba Zamani a ganinsa adanawa yake yi kada yara su lalata, don ba mugun mutum ba ne, mutum ne da ya saba in ya yanke ba a tambayarsa dalili. Vivian ta gaji da zaman kallo, ta daina zuwa.

A mitin ɗinmu na baya na miƙe tsaye. Na ce Baba, majalisa ta yanke hukunci kuma ba a aiwatar ba. Na ce Vivian ba kayan ado ba ce da za a fito da ita ranar baƙi. Na ce ina son ciyaman ya faɗa mana a nan dalilin da ya sa kekunan ke ofishinsa. Ishaya yana gefena yana fassarawa. Da na gama sai na ga kowa yana tafi, Baba Zamani yana murmushi yana sa min albarka. Na koma gida ina cewa a raina, ashe dattijon nan yana karɓar gyara haka? Har na ji kunyar zargin da na yi masa.

Majalisarmu tana da wata ɗabi'a. Sakatare ba ya son rubutu, sai ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur ya naɗi mitin ɗin gaba ɗaya, ya jefa a guruf ɗin majalisa na waya. Ni da ba na ji, sai in danna alamar babban yatsa in wuce. Ba wanda ya taɓa tunanin abin bai yi min amfani ba, ni ma ban taɓa tunanin akwai abin da nake buƙata a ciki ba, tunda ai ina wurin.

Ranar Talata da la'asar muna zaune a tsakar gida, ni da Mercy, muna tsince wake. Ta ɗauki wayata wai za ta duba salon ɗinkin da za a yi mata na Asabar, sai ta ci karo da guruf ɗin.

"Bari in ji yadda angonki yake yin muryarki," ta ce tana dariya. "Ko yana maƙale ta kamar ta mace?"

"Ki kiyaye ni," na ce.

Ta kara wayar a kunne. Ina kallon dariyar tana raguwa a fuskarta har ta ƙare. Ta mayar da saƙon baya ta sake ji. Ta ajiye farantin waken a ƙasa.

"Yaya, me kika ce a mitin ɗin nan?"

Na maimaita mata.

"To ba haka ya faɗa ba."

Mercy ta iya maganar hannu fiye da kowa a gidanmu, don tare muka tashi da ita. Ta ɗora wayar a cinya, tana ji tana mayar min. Ga abin da majalisa ta ji da sunana: "Magdalina tana gode wa Baba saboda yadda yake kula da kayan cibiya. Tana roƙo, in an samu hali, a duba maganar Vivian. Ta ce Allah ya ƙara wa Baba girma."

Na ce ta buɗe na watan jiya. Haka. Na wancan watan, ranar da na yi magana a kan matattakalar ban ɗaki da masu sanda ba sa iya hawa. Haka. Duk inda na ce "me ya sa", Ishaya ya ce "muna roƙo". Duk inda na ce "ba daidai ba ne", ya ce "Allah ya saka da alheri". Ashe duk wannan lokacin wata Magdalina ce ta daban take zama a kujerata, mai ladabi, mai godiya, wadda ba ta tambayar kowa komai. Shi ya sa suke so na. Ni kuma ina komawa wajen 'yan'uwana ina bugun ƙirji ina cewa na faɗa musu.

A haka Mama ta shigo daga zumuntar mata, da anko a jikinta, da ledar atamfar da ta karɓo min daga Kasuwar Kure, ruwan ganye da zanen zinariya. Ta ga fuskokinmu ta ajiye ledar. Mercy ta zayyane mata komai. Mama ta ja kujera ta zauna gabana dab da dab, yadda take yi in tana son in karanta leɓenta da kyau.

"Magda, ki bari maganan nan ya wuce Asabar."

"Mitin ranar Alhamis ne, Mama."

"Sai ki ce ba ki da lafiya."

"Ƙarya ya yi da sunana."

"Ƙarya ne ko rufin asiri? Yaron nan yana tsoron babanshi ya ƙi ki. Ke ba ki gani ba?" Ta kama hannuwana duka biyu, wanda a wajena daidai yake da rufe min baki, ta ankara ta sake su da sauri. Idonta ya kawo ruwa. "Ni na goya ki zuwa asibiti. Ni na ji abin da mutane suka faɗa, wai wa zai aure ta. Na yi addu'a har gwiwana ya yi kanta. Yanzu Allah ya amsa, za ki je ki kunyata dattijon a gaban jama'a? Kawunki Philip yana hanya daga Kafanchan fa."

"To Vivian fa?"

"Vivian tana da uwa. Ni ke na haifa."

Ban ji haushinta ba, tausayinta na ji. Na ɗora kaina a cinyarta, tana shafa min kitso, ina jin motsin waƙar da take yi a cikinta duk da ba na jin waƙar. Amma ban yi mata alƙawarin komai ba.

Wayata ta yi rawa. Ishaya ne.

"Amaryata, kin ci abinci? Baba ya sa an wanke babbar riga tun yau."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na tura: "Mercy ta saurari mitin."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga shi: "Gobe zan zo shago. Don Allah kada ki rufe."

Washegari ya zo da rigar makaranta, da alli a hannun rigar. Bai zauna ba. Na ci gaba da kafa kalmasa kamar ban gan shi ba, sai ya durƙusa a gaban keken yadda dole in gan shi.

"Na yi laifi," ya ce.

"Me ya sa?"

"Ranar farko da kika yi magana na ga fuskar Baba ta fara canjawa, sai bakina ya juya da kansa. Na ce sau ɗaya ne. Da muka koma gida ya ce yarinyar nan tana da tarbiyya, ka riƙe ta. Magda, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Daga nan na kasa dainawa."

"Wato wadda Baba ya yarda ka aura, ba ni ba ce."

Ya sauke hannuwansa.

"Ka san me ya fi min ciwo?" na ce. "In mai ji aka canja wa magana, nan take zai ce ba haka na ce ba. Ni ina tsaye a gefenka ina murmushi, ana min tafi. Ka bar ni ina gode wa mutane a kan abin da na zo ƙorafi."

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. "Ki faɗi abin da zan yi."

"Gobe zan yi magana. Mercy za ta zauna a bayanka tana ji. Abin da hannuna ya ce shi bakinka zai ce, ko a kan wa ya faɗa."

"Ko a kaina?"

"Da kai zan fara."

Ya share hawayensa. Sannan ya ce to. Da zai fita ya juyo ya ce, "Kin yi kyau yau." Ni da ko hoda ban shafa ba. Na jefe shi da guntun yadi, amma zuciyata kamar ta bi shi.

Ranar Alhamis na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na ɗaura ɗankwali ba ado. Mama ta tura min kunu a gora. A cibiya an jera kujerun roba a ƙarƙashin fanka, sakatare ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur. Baba Zamani ya gan ni ya faɗaɗa murmushi ya ce wa na kusa da shi wani abu, na karanta "surukata" a leɓensa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Da aka zo kaina na miƙe. Ishaya ya miƙe. Mercy tana bayansa ta harɗe hannu kamar 'yar sanda.

Na ce: "Kafin komai, ina sanar da majalisa cewa tafintana ya daɗe yana canja maganata. Abin da kuka ji da sunana ba ni na faɗa ba. Ina neman daga yau a sauke shi daga yi min fassara a wannan majalisa, a nemo wanda ba shi da dangi a cikinmu."

Na kalli maƙogwaronsa yana motsi. Na kalli Mercy, ta gyaɗa kai. Ya faɗa, kalma da kalma, da bakinsa ya nemi a sauke shi. Matar fasto ta dafe ƙirji. Liman ya cire tabarau.

Na ci gaba. Na ce majalisa ta yanke a kai kekunan hannu aji, ba a kai ba. Na ce Vivian ta bar karatu saboda haka, amma hotonta yana bango a ofis. Na ce ina tambayar ciyaman dalili, kuma ina son amsa yau. Na ce a daina tura mana sakamakon mitin da murya kaɗai, don ni mamba ce kamar kowa. Zufa tana zuba a goshin Ishaya, bai ɗaga ido ya kalli babansa ba ko sau ɗaya, idonsa yana kan yatsuna. Duk jimlar da na gama sai Mercy ta gyaɗa kai. Ban taɓa jin tsoro da ƙauna sun haɗu min a lokaci guda irin na ranar ba.

Wannan karon ba wanda ya yi tafi. Baba Zamani ya kafe ɗansa da ido, sannan ni. Liman ne ya fara magana, Mercy tana mayar min: ya ce tambayar tana kan hanya, hukuncin majalisa ne, kuma su ma da laifinsu da suka yi shiru. Aka ɗaga hannu. Mafi yawa suka ce a kai kekunan aji kafin mako ya fita, a kuma je a ba Vivian haƙuri. Aka amince da sauke Ishaya. Baba Zamani bai ɗaga hannu ba, bai kuma ba da amsar da na nema ba. Ya rufe mitin da addu'a gajeriya, ya ɗauki sandarsa ya fita shi kaɗai.

A waje Ishaya ya tsaya nesa da ni kaɗan. "Na faɗa daidai?" ya ce.

"Ka faɗa daidai."

Ya yi murmushin da bai kai zuci ba, ya bi bayan babansa.

Juma'a shiru. Na tura wa Ishaya saƙo, bai shiga ba. Kawu Philip ya iso da buhun acca, ya ji labari, ya ce ikon Allah, ya nemi tabarma ya kwanta. Mama kuwa ta ce ita ba a aiko mata an fasa ba, saboda haka za ta yi girkinta. Asabar tun da safe ta dafa shinkafa, ta soya kaji, ta dama kunun zaƙi, ta canja labulen falo. Ta matsa min na sa atamfar nan ruwan ganye, Mercy ta ɗaura min gwaggwaro. Muka zauna. Rana ta take, abinci ya fara hucewa, maƙwabta suna leƙe da sunan aron ashana. Duk lokacin da Mama ta buɗe kular abinci ta rufe sai in ji kamar ni na zuba mata ƙasa a ciki.

Ni ba na jin sallama, a fuskar mutane nake ganinta. Sai na ga Mama da Mercy da Kawu sun juya wajen ƙofa a tare.

Baba Zamani ne. Shi kaɗai. Ba Ishaya, ba dangi, ba goro, ba lemo, ba ma babbar rigar da aka wanke. Ya gaisa da Kawu, ya ƙi kujerar da aka gyara masa, ya ja wata ya ajiye ta daidai gabana. Ya yafito Mercy ya nuna mata gefensa.

"Ke, abin da na faɗa shi za ki faɗa mata. Abin da ta faɗa shi za ki faɗa min. Kar ki sa sukari."

Mercy ta ce to.

Ya dube ni. Idonsa ya yi ja, kamar wanda bai samu barci ba. "Kin kunyata ni a gaban mutane, kuma raina bai daina ɓaci ba. Amma yaron nan ya ce min yarinyar da na yaba ba ita yake so ba, ke yake so. To ni ban san ki ba. Ba zan nema wa ɗana auren wadda ban sani ba." Ya jingine sandarsa a bango. "Ki fara tun daga mitin na farko. Duk abin da kika ce a kaina ya ɓoye, ina son in ji shi yau. In kin gama sai mu san ko akwai maganar aure."

Na kalli bayan kafaɗarsa. Mama tana tsaye a bakin labule, hawaye a fuskarta, tana danna tafin hannunta ƙasa a hankali, alamarmu ta gida da ke nufin ki sassauta. Na kalle ta da dukkan son da nake mata, na girgiza mata kai kaɗan.

Sannan na cire awarwarona na ajiye a kan tebur don kada su tare min hannu, na fara.